Amsa ga Baba tsohon soja: abin da nake ɓoyewa a wayata

Assalamu alaikum Baba, da fatan ka tashi lafiya, ya ƙarfin jiki, ya iyali.

Ranar da ake hira da ni a rediyo kan sirrin waya ka bugo, ka ce kai tsohon soja ne ka yi Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, sannan ka tambaye ni a kunnen kowa: yaro in ba ka da abin ɓoyewa me ya dame ka don hukuma ta saurari wayarka ko jirgi ya leƙa garinku daga sama, ko so kake a bar ɓarayin daji su ci gaba da cin karensu babu babbaka? Lokaci ya ƙure aka katse mu ban ba ka amsa ba, kuma tun ranar abin ke cina, don tambayar wanda ya binne abokan aikinsa ba a amsa ta a tsaitsaye.

Baba ina da abin ɓoyewa, wallahi ina da shi da yawa. A wayata akwai saƙon da matata ta turo min daga asibiti da sakamakon gwajinta, akwai bashin da ake bina da wanda nake bi, akwai maganar wata ƙanwata da aurenta ke rawa muna ta ƙoƙarin gyarawa a cikin gida ba tare da dangin miji sun ji ba. Ko ɗaya babu laifi a ciki, amma ko ɗaya ba na son baƙo ya gani. Mu fa kullum addu'armu Allah ya rufa mana asiri, har gaisuwa ake da ita, kuma mai wannan addu'ar ba ɓarawo ba ne, mutum ne mai mutunci. Kai kanka gidanka akwai zaure, baƙo yana tsayawa ya yi sallama sai an ce ya shigo. To yanzu ɗakin cikin gidan namu ya koma cikin waya, iyakar abin da nake faɗa kenan.

Na ga yadda asiri ke tonuwa da idona. Wani abokina ya ci bashin kuɗi kaɗan a irin manhajar nan ta bashi, lokacin saukewa ya danna "na yarda" bai karanta komai ba kamar yadda dukkanmu muke yi, ashe ya ba su izinin kwashe duk lambobin da ke wayarsa, da ya yi jinkirin kwana kaɗan sai suka tura wa kowa saƙo har surukinsa har limamin unguwarsu cewa ɗan damfara ne. Ya biya kuɗin amma ya fi wata bai iya zama a majalisa ba. Shi ma ai da cewa yake ba shi da abin ɓoyewa.

Sai mu zo kan tsaro, don nan ne zuciyarka take na sani. A watan Disamba 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, aka ce da haka za a riƙa kama masu garkuwa da mutane. Muka bi layi cikin rana, tsofaffi da masu goyo, muka ba da hoton yatsu da na fuska da adireshi, a watan Afrilu 2022 aka toshe kira a layuka sama da miliyan 70 na waɗanda ba su haɗa ba. Mun ba da namu kason Baba. Amma a watan Maris 2024 da aka kwashe ɗalibai a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun, ai ta waya aka kira aka nemi naira biliyan 1. Shi kansa Pantami da aka yi tsarin a zamanin yana ministan sadarwa ya fito a farkon 2024 yana kukan cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. A shekarar dai ƙungiyar Paradigm Initiative mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, har na ministan da ya gaji Pantami suka saya don kafa hujja, duk da hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ka ga inda abin ke min ciwo, an karɓi asirinmu da sunan kama ɓarawo, ɓarawon yana nan yana waya, asirin kuma ya shiga kasuwa.

Haka aka yi a watan Satumba 2021 da aka kashe sabis a Zamfara gaba ɗaya, daga baya wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Niyyar na fahimce ta, a raba ɓarayi da masu ba su labari. Amma mai POS ya rufe, ɗan da ke Legas ya kasa tura wa uwarsa kuɗin cefane, kuma ƙauyen da aka shiga da dare ba su da hanyar kiran kowa.

Maganar jirgi kuwa ita ce ta fi min nauyi, kuma ina roƙonka ka karanta nan a hankali don ba cin mutuncin soja nake ba. Daren 3 ga Disamba 2023 mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi suna taron Mauludi, jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya sakar musu bom, waɗanda suka tsira suka ce da jama'a suka taru ɗaukar gawawwaki sai aka sake sako na biyu. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta Amnesty ta ce sun fi haka, kuma akwai mata da yara da yawa a ciki. Wanda ke zaune gaban allo ya ga taron mutane da dare a yankin da ɓarayi ke yawo sai ya karanta shi a matsayin taron ɓarayi. Kyamara tana ganin motsi, ba ta jin sautin bege, ba ta san taron Mauludi ne ba ko ana biki ko zaman makoki. Kafin nan akwai Rann a Kala Balge ta jihar Borno, 17 ga Janairu 2017, jirgin sojan sama ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira, sama da mutum 100 suka rasu har da ma'aikatan Red Cross, mutanen da suka gudo wa Boko Haram suna neman mafaka.

Kar kuma a ce don kayan aikinmu ba su kai ba ne. Amurka da ta fi kowa na'ura, a 29 ga Agusta 2021 a Kabul jiragenta sun bi wata farar Corolla na tsawon awa 8, suka ga ana loda kaya suka ce bama-bamai ne suka harba, ashe jarkokin ruwa ne ma'aikacin agaji ke kai wa gidansa, mutum 10 suka mutu 7 yara ne, kuma ƙarshe aka ce babu wanda za a hukunta. Michael Hayden da ya shugabanci hukumomin leƙen asirinsu na NSA da CIA ya faɗa da bakinsa a 2014 cewa suna kashe mutane bisa bayanan da ke kewaye da kira, wato wa ka kira, yaushe, daga ina, tsawon minti nawa, ko ba a ji abin da kuka ce ba. To ka duba ƙauyukanmu Baba, waya ɗaya gida biyar ke amfani da ita, mai caji yana riƙe da wayoyi hamsin a rumfa ɗaya, layi an yi masa rajista da sunan yaya ƙane ke riƙe da shi, uban da aka sace wa ɗa yana kiran ɓarawo sau goma a rana yana roƙon a rage kuɗi. A lissafin na'ura wannan uban shi ne babban abokin hulɗar ɓarawo. Shi ya sa nake cewa maganar sirrin waya da maganar wanda bom zai faɗa wa magana ɗaya ce.

Abin da ke ba ni mamaki, duka biyun suna cikin sura ɗaya, Suratul Hujurat. A aya ta 12 aka hana mu bibiyar asirin juna, a aya ta 6 aka ce in labari ya zo mu tabbatar kar mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Kuma kai ka fi ni sanin cewa ko yaƙi yana da ƙa'ida, tun wasiyyar Sayyidina Abubakar ga mayaƙa cewa kar a kashe mace ko yaro ko tsoho, har zuwa dokokin Janeba da aka koya muku a bariki na bambance mai makami da farar hula.

Za ka ce to me kake so a yi, a naɗe hannu? A'a Baba. Da ɗana ne a daji da na ce a saurari wayar kowa a ƙasar nan in dai zai dawo, ba zan yi maka ƙarya ba. A bi layin wanda ake zargi, a bi shi sosai, amma da takardar alƙali, a kan mutum sananne da lokaci sananne, kuma a rubuta sunan jami'in da ya buɗe bayanin don in ya sayar ko ya bibiyi ɗan jarida ko tsohuwar matarsa a san wa za a kama. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya riga ya kare sirrin gida da wasiƙa da hirar waya, ga dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, aiki da su ne ya rage. Jirgi kuma kar ya harba a kan taro sai wani da ke ƙasa ya tabbatar, mai unguwa ko dagaci ko sojan da ke kusa, in kuma ba a samu tabbaci ba a janye hannu ko da ɓarawo zai tsira a daren.

Bayan Tudun Biri marigayi Janar Lagbaja, shugaban sojan ƙasa na lokacin, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri, kuma na girmama shi kan haka. A watan Mayu 2024 hedikwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja, sai dai ba a fitar da cikakken rahoton binciken ga jama'a a lokacin ba. Nan ne nake neman alfarma a wurinka. Ni in na yi magana sai a ce ɗan boko ne bai san ƙarar bindiga ba, ku tsofaffin sojoji kuwa babu mai iya faɗa muku haka. Ku nemi a buga rahoton nan da Hausa a karanta wa mutanen garin, da sunayen mamatansu ɗaya bayan ɗaya, da bayanin wanda ya ba da umarnin harbi na biyu. In kun rubuta takardar ni zan buga muku ita in kai inda kuka ce.

A gaida mutanen gida, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanka, wanda ka bugo wa waya a rediyo.