Buɗa tayoyin baya ba zai mayar da Golf ɗinka Porsche ba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Ni bakanike ne a nan Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, na ce bari in yi magana kan wani yayi da samarinmu suka shigo da shi, wato sa wa mota faifan ƙarfe tsakanin wili da hob, inda ake ɗaure wilin, spesa suke ce wa faifan, don tayoyin baya su leƙo waje motar ta yi ƙugu kamar irin na tsere da suke gani a TikTok. Satin nan kaɗai yara biyu suka kawo mani Golf in sa masu, na ce a'a, ɗayan har yana cewa baba kai ka tsufa ne kawai.

Abin da ake magana a kai shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar hagu da tsakiyar ta dama, ta gaba daban ta baya daban. In ka sha kwana nauyin mota komawa yake kan tayoyin waje, in tazarar na da faɗi nauyin da zai koma ɗin kaɗan ne sai tayoyin biyu su riƙe kwalta tare, shi ya sa Keke Napep mai taya ɗaya a gaba ba ta da wuyar kifewa a shataletale, shi ya sa kuma a 2017 aka ƙara faɗin motocin tseren Formula 1 daga mita 1.8 zuwa mita 2. To amma fa ɓangaren da ka buɗa, gaba ko baya, shi ne zai ƙara riƙo, ɗayan kuma ka bar shi yadda yake.

Porsche 911 Turbo ta 1975 da ta sa ƙugun nan ya yi suna, injinta a baya yake, bayan tayoyin baya ma, kusan kashi 60 na nauyinta na can kuma tayoyin baya ne ke tura ta, sai ta riƙa kaɗa wutsiya a kwana, dole Jamusawa suka faɗaɗa mata baya. Golf kuwa inji a gaba, gaba ke ja gaba ke juyawa gaba ke cin yawancin birki, dama can halinta ne in ka shiga kwana da gudu hancin ya ƙi bin sitiyari ya miƙe. Kai kuma ka zo ka ƙara wa baya riƙo, ai ka ƙara mata taurin kai kenan, ranar da ka taho daga Daura da gudu kwana ta tare ka wajen Mashi sai ka ga kana murɗa sitiyari ita tana nufar gonar mutane. Faransawa ma da suka yi Citroën DS a 1955 mai ja da gaba, gaban suka yi wa faɗi, ya fi bayan da kusan santimita 20.

Ga kuma boris, spesa tana ture nauyi waje da inda aka tsara ya zauna sai ya ci da wuri, notukan wili kuma in ba a sa dogaye ba zare kaɗan suke kamawa, da ramukan hanyoyinmu wallahi na taɓa ganin taya ta wuce motarta. Ni dai a garejina wanda ke son motarsa ta zauna a kwana shokozoba da tayoyi masu kyau da alaimen nake fara duba masa, kuma mafi yawansu tayoyin Belgium ne da suka suɗe a ƙarƙashinsu.

Naku,
wani bakanike, Ƙofar Ƙaura, Katsina