Godiya ga likitocin tiyata da ma'aikatan ɗakin hoton jijiyoyi a Katsina

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Mu ma'aikatan jinya ne masu wankin gyambo a Daura da kewaye. Mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a saboda yadda kuke karɓar mutanen da muke turo muku, waɗanda aka taɓa yi wa aikin kumburarrun jijiyoyin jini na ƙafa a wani wuri bai yi ba, jijiyoyin suka sake kumburowa suna murɗewa a ƙarƙashin fata. Akasarinsu mata ne da suka haihu da yawa, sai masu wuni a tsaye kamar mahauta, masu shayi da malaman makaranta.

Babban abin da ya sa muka rubuto shi ne ba ku sake taɓa ƙafa sai kun gano abin da ya hana aikin farko yi. Jijiyar da ido ke gani reshe ce kawai. A cikin jijiyoyin ƙafa akwai ƙananan marufai da ke hana jini komawa ƙasa, idan suka saki sai jini ya taru. Galibi ɓarnar tana cikin doguwar jijiyar da ta taso daga idon sawu ta bi cikin cinya har gindinta, ko gajeriyar da ke shiga bayan gwiwa. Wanda ya yi wa reshe allurar toshe jijiya ya bar wannan tushe, ya share ruwan ɗaki ne bai toshe yoyon rufi ba. Wani lokacin kuma jijiyar da aka toshe ce ta sake buɗewa, ko wata ta gefenta da aka tsallake, ko sababbin sirara suka tsiro a wurin da aka yanka.

Shi ya sa muke yaba yadda kuke ɗaukar hoton sikanin mara lafiya yana tsaye, domin a kwance matsalar takan ɓuya. A matsa tsokar ƙafa a saki, idan jini ya ci gaba da komawa ƙasa fiye da rabin daƙiƙa, marfin ya lalace. Kuma kuna duba jijiyoyin can ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: idan gudan jini ya taɓa toshe su, ta jijiyoyin saman nan jini ke samun hanya, cire na saman kuwa zai ƙara kumbura ƙafar.

Bayan hoto kuna zama ku yi wa mutum bayani da Hausa. Idan doguwar jijiyar ce kuma miƙaƙƙiya, akan zura siririn bututu a ƙone ta daga ciki da zafin lesa (wani haske mai ƙarfi) ko na igiyar rediyo, bayan an zagaye ta da ruwan kashe zafi don kare fata. Wanda aikinsa ke buƙatar na'urar da ba ta kusa, kuna faɗa masa gaskiya ku ba shi takarda zuwa inda take. Jijiyar da ta dawo bayan yanka takan zo a nannaɗe, bututu ba ya bi, a nan allurar kumfa mai toshe jijiya ta fi dacewa. Ana haɗa kashi 1 na magani da kashi 4 na iska, a yi allurar ana kallon sikanin, ba a so a wuce mililita 10 a zama ɗaya. Manyan rassa kuma a zaro su ta ƙananan huji na milimita 2 zuwa 3.

Kuna kuma gargaɗi tun kafin a fara, cewa allura kan bar duhu a fata na watanni, kuma lesar da ake haskawa a saman fata tana iya ƙona baƙar fata ta bar tabo. Jinin da ya maƙale ya yi tauri bayan allura kuna zuƙe shi cikin 'yan makonni, ciwo da duhun su ragu.

Batun safa mai matsi ma ba ku yinsa da ka. Kuna auna idon sawu da ƙaurin ƙafa da safe kafin ta kumbura, sannan ku gwada ƙarfin matsin jini na idon sawu da na hannu. Idan na ƙafa bai kai 0.8 na na hannu ba, ba a ɗaure ta da cikakken matsi, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga. Mai juna biyu kuna ba ta safa ku ce ta dakata sai bayan haihuwa da 'yan watanni, don jijiyoyin da yawa sukan lafa da kansu.

Ga 'yan uwa masu karantawa: don Allah kada a kai irin wannan jijiya wurin wanzami a yi mata tsaga ko ƙaho, jini kan ɓalle, wurin kuma ya zama gyambon da ba ya jin wanki. Idan ta fashe, a kwanta, a ɗaga ƙafa sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta. Wanda ƙafarsa ta kumbura da zafi bayan aiki, ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti a ranar.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira, ya hore muku kayan aikin da kuke nema.

Naku,
Ma'aikatan jinya masu wankin gyambo, Daura