Kokenmu ga Mai Martaba Hama Bachama: Kogi Yana Cin Majami'armu da Makabartarmu

Zuwa ga Mai Martaba Hama Bachama,
Fadar Numan, Jihar Adamawa,
Ta hannun Hakiminmu.

Ranka ya daɗe,

Muna gaisuwa da ban girma. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa ƙasar nan lafiya. Mu dattawan wata ƙaramar ikilisiyar LCCN (cocin Lutheran na Nijeriya) ne da ke ƙauye a bakin Binuwai, cikin ƙasarka. Kuka ɗaya ya kawo mu: gaɓar kogi tana zaizayewa, ta kusa cim ma majami'armu, ta riga ta shiga makabarta. Fili muke roƙo a tudu.

Sarki ya fi mu sanin yadda Dokta Bronnum, likitan nan ɗan ƙasar Danmak, ya sauka Numan a 1913 ya fara aikin magani da bishara. Mu dai ba Bature ne ya kawo mana ba. Kakanninmu sun ce wani saurayi ɗan ƙauyen ne ya tafi Numan jinyar gyambo wurin 'yan mishan, ya dawo da ƙafa lafiya da kuma karatun boko a kansa. A gindin tsamiya ya fara tara yara da yamma, yana zana musu baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Iyaye suka yi ta korar su gona, su kuma suna sulalewa su dawo. Daga tsamiya aka koma rumfar zana, daga rumfa aka yi ɗakin laka da jinka, wanda gara da damina suka rushe ba sau ɗaya ba. Lokacin da aka naɗa fastoci biyar na farko 'yan ƙasa a 1948, tsofaffinmu da ƙafa suke zuwa Numan neman baftisma.

Ginin da muke ciki yanzu babu kuɗin kowa daga waje. Zumuntar mata ce ta sayi kwanon rufi, da kuɗin bandar kifi da mudun dawa da kowace ke ajiyewa bayan girbi. Maza suka buga bulo da rani. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne a rataye jikin bishiya, amma har masunta a tsakiyar ruwa suna jin ta. Ba mu da faston kanmu. Mai bishara ne ke riƙe da mu, shi ma manomi ne kamar kowa, sai fasto ya zagayo lokaci-lokaci ya ba da Jibin Ubangiji ya yi wa jarirai baftisma. Muna sujada da Hausa da Bachama, a haɗa littafin waƙoƙi da ganga. Matasa da yawa sun tafi Yola da Jalingo da Abuja, benci ba ya cika sai Kirsimeti. Duk da haka ba mu taɓa fashin tura mutanenmu taron shekara-shekara na LCCN a Demsa ba, ko da a bayan a-kori-kura ne.

Ranka ya daɗe, ambaliyar 2012 ta shiga majami'a har tagogi. Muka gyara, muka shafa fenti don bikin cika shekara 100 na LCCN a 2013, muna zaton an wuce wurin. Sai ta 2022 ta zo. Duk lokacin da aka buɗe madatsar Lagdo a Kamaru, ga kuma Gongola a cike, mu na ƙasa ne ke sha. Tun muna yara ake maganar madatsar Dasin Hausa da za ta tare ruwan, har furfura ta fito mana. Ruwan da ya hau yana sauka, wannan mun saba. Abin da ba ya dawowa shi ne ƙasar da ya tafi da ita. Tsamiyar da aka fara karatu a gindinta tana cikin kogi yanzu. Kaburbura na layin bakin gaɓa sun tafi. Na saurayin nan da ya kawo mana karatu yana layi na gaba, kuma jikokinsa suna raye suna kallo.

Akwai tudu a bayan gonakinmu da ruwa bai taɓa hawa ba. Ba mu kafa ko turke a can ba, da gangan. Burtalin shanu ya bi ta gefensa, kuma gidaje biyu suna cewa saurar kakanninsu ce. Wanda ya ga rikicin manoma da makiyaya da ya faru a ƙasar nan a ƙarshen 2017 ba ya wasa da maganar iyaka. Ba ma so ɗakin addu'a ya zama sanadin rigima. Maƙwabtanmu Musulmi da kwale-kwalensu aka kwashe mana bencuna da litattafai a ambaliyar baya, kuma nasu masallacin ma ba nisa yake da gaɓa ba.

Don haka muna roƙon Sarki ya umarci Hakimi da mai unguwa su hau tudun tare da Arɗo da masu saurar, a yanka mana abin da zai ɗauki majami'a da makabarta, a bar wa shanu hanyarsu da faɗinta. A kafa duwatsun iyaka a gaban kowa, a rubuta, fada ta sa hannu, don kada 'ya'yanmu su gaji gardama. In akwai diyya, za mu biya a hankali daga baikon girbi. Muna kuma neman izinin fada, da jagorar masu al'ada, mu ɗauke ƙasusuwan iyayenmu yadda ya dace, domin wannan ba abu ne da za mu yi da ra'ayin kanmu ba. In Sarki ya sa baki ƙaramar hukuma ta turo ma'aunin fili, to madalla.

Kuɗin gini ba ma nema. Bulo za mu buga da hannunmu, amma sai da rani ake buga shi, kuma ba mu da tabbacin layin kaburburan nan zai kai wata damina. Muna roƙon a hau tudun kafin ruwan farko.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawan ikilisiya, Zumuntar Mata da Matasa,
a madadin dukan jama'ar majami'armu.