Kada ka sauya batun bincikenka

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Innarka na gaishe ka, ta ce ka rage shayin dare.

Na ji kana son sauya batun bincikenka, don kawunka ya yi maka dariya, wai me ya haɗa Basakkwace da ƙanƙarar ƙarshen duniya. Kada ka sauya. Shi bai san wata ƙanƙara ba sai ta leda da muke saye da azumi, amma ita ma ta isa darasi. Jefa ta cikin kofin ruwa, har ta narke ruwan ba ya malalowa. Haka wadda ke yawo a kan tekun Aktik, can ƙarshen arewacin duniya, take. Ta kan tudu ce abin tsoro: ta babban tsibirin Girinlan kaɗai, in ta narke duka, teku zai hau da kusan mita 7. Ka tuna da mutanenmu masu kai albasa Legas da ke bakin teku.

Ka san abin da ya sa muke sa farar riga in bazara ta tsananta. Ƙanƙara ma haka take mayar da hasken rana. Da ta narke sai baƙin ruwa ya bayyana, ya sha zafi, ya narkar da ta kusa da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa, tun 1979, yankin Aktik yake ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya. A Yunin 2020 zafi ya kai digiri 38 a garin Verkhoyansk na Saiberiya, a ƙasar Rasha. Mu nan Sakkwato sai mu ce an samu sauƙi, amma can fa ƙasar dusar ƙanƙara ce!

Abin da ya fi tsaya mini a rai ita ce ƙasar nan da ta daskare shekaru dubbai a Saiberiya da Alaska da Kanada. Ganyaye da mushen dabbobi na kwance cikinta ba su ruɓe ba, kamar nama a firiza. Yanzu tana saki, suna ruɓewa, suna fitar da iskar kabon da iskar mitan masu ƙara wa duniya zafi. Gidajen da aka gina a kanta kuwa sai tsagewa suke, kamar ginin ƙasa da damina ta ci gindinsa.

Sai dai ka iya bakinka. Kada ka ɗora wa ƙanƙara ambaliyar Rima ta 2010 in ba ka da hujja a hannu.

Na turo maka kuɗin buga takardu. In za ka zo hutu ka taho da taswira, ka nuna wa kawunka inda Girinlan take.

Mahaifinka