Zancen caji, zuwa ga abokina a Yamai

Assalamu alaikum Malam Idi, ya gida ya yara, ya zafin Yamai? Kwana biyu shiru, wallahi ba mantuwa ba ce, wata 'yar matsala ce ta taso mana amma Alhamdulillahi ta wuce.

Ƙanena Bashir aka kama kan rigimar babur, muka kwana muna zirga-zirga a caji ofis, da safe wani ɗan sanda ya ce mana za a yi cajinsa. Inna na jin haka sai ta fara kwance bakin zaninta tana tambaya nawa ne, ita duk a zatonta kuɗi ake nufi, irin yadda mai gyaran waya zai ce zan caje ka dubu biyu. Na kama hannunta na ce Inna ba kuɗi ba ne, tuhuma ce, kotu za su kai shi. Tausayinta ya kama ni sosai a wajen. Daga baya wani lauya ya yi mana bayani cewa sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce dole a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, kuma da yaren da yake ji. Mu dai da Turanci aka jefo mana.

Tun ranar kalmar nan ta tsaya min a rai har sai da na bi asalinta. Ashe charge daga Faransanci Turawan Ingila suka aro ta, ka san bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066 an daɗe ana shari'a da Faransanci a kotunansu. Shi kuma Faransancin daga Latin ya samo, carricare, wato yi wa amalanke lodi, tushensu ɗaya da car da cargo. Kai da kake cikin masu Faransanci ai kullum kana jin charger.

To ka ga lodi ne duka. Ka yi wa batir lodin wuta, ka ɗora wa mai saye farashi, wanda aka ce shi ne in charge an ɗora masa nauyi. Abin da ya fi burge ni shi ne na kotun, domin mu ma haka muke faɗa, an ɗora masa laifi, kamar wani dami ne aka aza masa a ka. Da ɗan sandan nan ya faɗa da Hausa da Inna ta gane nan take.

Bashir dai an sasanta, mai babur ya janye ƙara, yana gida. Don Allah ka tambayar min yadda mutanen nan wajenku suke faɗinta a ofishin 'yan sanda, ina son sani. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Aminu