Wasiƙa Daga Dharamsala: Masu Lissafin Taurari na Mutanen Tibet

Zuwa ga aminina Malam Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da su Hajiya, na san za ka ce sai yau na tuna da kai. Ajiye ƙorafin tukuna, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya shafi tsohuwar gardamarmu a kan malaman duba.

Mahaifin mai gidan da nake haya, dattijon da ya tsallako daga Tibet zuwa nan Dharamsala ta ƙasar Indiya bayan 1959, ya rasu a makon jiya. Ina tsammanin za a shiga hidimar fitar da gawa nan take, sai na ga babban ɗansa ya rubuta lokacin da ran ya fita da shekarar haihuwar mamacin da ta kowa a gidan, ya nufi wurin mai lissafin taurari, wanda suke kira tsipa. Ba a motsa gawar ba sai da ya dawo da takarda. A cikinta an faɗi ranar da za a fitar da ita a ƙona, da sa'ar, da kusurwar da za a fuskanta, da addu'o'in da sufayensu za su karanta a kwana 49 da suke yi wa mamaci. An kuma ambaci shekarun haihuwar da masu su ba za su taɓa gawar ba, kuma ƙanwar mai gidan ta faɗa cikinsu. Na ga ta tsaya daga bakin ƙofa tana kuka, hannuwanta a haɗe, ba ta ƙara ko taku ɗaya ba har aka wuce da mahaifinta.

Abin da nake so ka gane shi ne, mutumin nan ba a ɓoye yake ba, kuma ba da dare ake zuwa wurinsa ba. Makaranta ya yi. Akwai cibiya a nan mai suna Men-Tsee-Khang, wadda ta haɗa likitancin gargajiya da ilimin taurari. Dalai Lama na 13, wato jagoran addinin Buddha na Tibet a lokacin, shi ne ya kafa ta a Lhasa, babban birnin Tibet, a 1916, na 14 kuma ya sake kafa ta a nan Dharamsala a 1961 bayan ya yi hijira. Likitocinta ma sai sun koyi wani abu na lissafin, saboda suna danganta bugun jijiya da lokacin tsinkar ganyen magani da yanayin shekara. Ilimin nasu kogi biyu ne suka haɗu. Ɗaya ya zo daga Sin, shi ne na dabbobi 12 da ake sa wa shekaru sunayensu bi da bi, da sinadarai biyar, wato itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Ɗayan daga Indiya yake, na tafiyar rana da wata da taurari, kuma daga shekarar 1027 suke ƙirga zagayensu na shekara sittin-sittin. A da a kan allo mai ƙura suke lissafi da tsinke, wanda idan ka hango sai ka rantse bugun ƙasa ne irin na gida, alhali tarawa da rabawa kawai ake yi. Yanzu kwamfuta ta ɗauke musu rabin wahalar.

Kalandarsu ma tana da ban mamaki. Kowace shekara cibiyar tana buga littafin ranaku da ake kira lotho, kuma a cikinsa za ka ga wata ranar an tsallake ta, wata kuma an maimaita ta sau biyu, don lissafin ya dace da tafiyar wata. Da shi ake sanin ranar sabuwar shekararsu ta Losar, da ranar da ta dace a buɗe shago, a tare a sabon gida, ko a rataya tutocin addu'a masu launi biyar da ke kan kowane soro a garin nan. Aure kuwa, iyaye da yawa ba sa sa rana sai an gwada sinadarin saurayi da na budurwa. Idan ruwa ya haɗu da wuta, ba lallai a fasa ba. Sai a ce a karanta littafi kaza, a yi sadaka, ko a sayi dabbar da za a yanka a 'yanta ta.

A nan ne ra'ayina yake, kuma na san za ka yi tsalle. Ni dai ban yarda tauraro yana da iko a kan kowa ba, gaibu sai Allah. Amma na lura tsipa ba ya sallamar mutum da tsoro kaɗai. Duk matsalar da ya ambata sai ya haɗa ta da aikin da za a yi, kuma aikin yakan jawo dangi da maƙwabta. A gidan nan, mutanen da baƙin ciki ya ruɗa sun sami takardar da ta gaya wa kowa inda zai tsaya, babu jayayya tsakanin 'yan'uwa. Matasansu kuwa sun rabu: jikan mamacin, da ke karatun injiniya a Delhi, ya ce mini shi bai gaskata ba, amma ba zai saɓa wa kakarsa ba.

Kafin ka fara wa'azi, ga naka. Suna cewa duk lokacin da dabbar shekarar haihuwar mutum ta zagayo, wato yana da 13, 25, 37 ko 49 a ƙirgensu, shekarar cikas ce gare shi. Kai ɗan 1989 ne, shekarar maciji, kuma 2025 ma ta maciji ce. Ka ga ashe motar nan taka ba bakanike ne ya cuce ta ba.

Ka rubuto mini hujjojinka, ka kuma gaishe mini da Malam Babba da mutanen majalisa.

Naka har kullum,
Bashir