A riƙa tunawa da ɗan dako in za a gina gadar sama a Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan gadojin masu tafiya a ƙafa da ake ginawa a Legas. Mu 'yan Arewa da ke neman abinci a Mile 12 da Agege da Idi-Araba da Obalende muna cikin waɗanda suka fi kowa taka su, tun ba ma da gwamnati ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022 ba, har da Ikeja da Surulere da Apapa. Wanda a da yake hawa babur, yau ƙafa ce motarsa.

Duk wanda ya san tsohuwar Oshodi ba zai ƙi yabon abin da aka yi a wurin ba. Tashar motar da gwamnatin tsohon gwamna Ambode ta gina, wadda marigayi Shugaba Buhari ya buɗe a Afrilun 2019, gine-gine uku ne, kuma an haɗa su da rufaffiyar gada ta sama. Ka sauka daga motar da ta kawo ka daga wata jiha, ka bi ta sama ka faɗa tashar motocin cikin gari, ba ka taka kwalta ba, ba ka yi ido huɗu da danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ba, ruwan sama bai jiƙa maka kaya ba. Babu jami'in da ke tsaye da kulki yana tilasta wa mutane hawa. Suna hawa ne don gadar tana kai su daidai inda za su. Haka aka yi wa tashar jirgin ƙasa ta Ikeja, aka haɗa ta da tashar bas da ke kusa.

To amma yawancin gadojin da muke bi kullum ba haka suke ba. An dasa su ne a kan babban titi, ƙafa ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, ba ruwansu da inda ƙofar kasuwa take ko inda bas ke sauke mutane. Ka je titin Ikorodu da asuba lokacin da ake sauke kayan gwari. Za ka ga yaro ɗan dako da kwandon tumatir a ka, gammo ya jiƙe sharkaf, hannu ɗaya a kan kwando, ɗaya yana lalube ƙarfen dafawa. Matakalar a tsaye take, ga santsin ruwan tumatir da ɓawon albasa, ga masu saurin zuwa ofis suna ture shi ta baya. Duk taku sai ya tsaya ya daidaita wuyansa. In ya kai sama, akwai saukar da ta fi hawan haɗari, domin ba ya ganin ƙafarsa. A kan ladan da bai taka kara ya karya ba zai yi wannan hawa da sauka har rana ta take. Mai baro kuwa, da mai kurar ruwa, da gurgu a kekensa, matakala ta riga ta ce musu ba da su aka yi ba. Sai su bi ta ƙasa, su nemi inda aka ɓula shingen tsakiyar titi.

A nan ne ake kama su. Jami'an LAGESC, hukumar tsabtar muhalli ta jihar Legas, waɗanda har yau muke kira KAI, suna kamen masu tsallaka babban titi, a kai su kotu a ci su tara. Ba na kare mai lafiya da ba ya ɗauke da komai, ya ga gada, ya zaɓi ya yi tsere da tirela. Wannan ganganci ne, kuma mun sha yin jana'izar irinsu. Amma wanda ke tura buhu biyu na albasa a baro, ina ake so ya bi? Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara wuraren jama'a yadda kowa zai iya amfani da su. Wa'adin ya cika tun farkon 2024.

Alhazanmu sun san misalin da ya fi kowanne. Bayan turmutsitsin Janairun 2006 a Mina, inda sama da mutum 340 suka rasu, Saudiyya ta rushe tsohuwar gadar Jamarat ta gina mai hawa-hawa, da faffaɗan gangara, hanyar shiga daban, ta fita daban. Tsoho da mai keken guragu duk suna hawa su yi jifa su sauka. Ba kuɗin Saudiyya nake cewa Legas tana da su ba. Tunanin nake so a ɗauka, wato a fara duba yadda taron mutane ke tafiya da abin da suke ɗauke da shi kafin a zana gada. Birnin Mumbai na Indiya ya yi akasin haka. Tun daga 2008 ya gina gadojin ƙafa da dama a kusa da tashoshin jirgin ƙasa, wasunsu suka zama kusan kufai saboda tsawon matakala da rashin sauka inda mutane ke so.

Mu ma da namu laifin, kuma gara a faɗa. Inda aka yi gangara, za ka ga ɗan acaɓa ya hau ta da babur, sau da yawa ɗan'uwanmu ne. Masu talla sun shimfiɗa kaya sun cinye rabin hanya. Wasu gadojin kuma sun zama makwanci da makewayi, da magariba ta yi mata suna tsoron hawa saboda duhu da masu fizgen waya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, idan ana maganar barar kan gada, da Hausa ake jin ta. Wannan aikin sarakunan Hausawa ne da shugabannin kasuwanni da limamanmu, ba sai mun jira motar kame ba.

Ga gwamnati kuma, roƙona shi ne kowace sabuwar gada ta zo da gangara mai faɗin da baro biyu za su gifta, da rufi, da fitila mai aiki da hasken rana, da mai shara da mai gadi da ake biya. Sama da duka, ta sauka cikin kasuwa ko cikin tasha, kamar ta Oshodi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne ake aikin ƙarasa layin jirgin ƙasan da ya fara aiki daga Marina zuwa Mile 2 a 2023 don ya kai Okokomaiko, kuma zai ratsa ta wajen Alaba Rago inda dubban mutanenmu suke. Ina kira ga shugabanninmu na wannan yanki su nemi zama da LAMATA, hukumar sufuri ta Legas, tun ba a gama zuba kankare ba, su tafi da shugaban 'yan dako da na masu baro, su nuna wa injiniyoyin ta inda kaya ke tsallakawa kowace safiya.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kasuwar gwari,
Mile 12, Legas.